Ba a Tambayi Kamila Ba

Kwaciri, Fagge, Kano

Zuwa ga ƙanwata Raudha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Gwaggo, kumburin ya sauka kuwa? Mu nan jiki dai lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani, kuma daga ni da rabonmu da juna tun rasuwar maigidana Malam Gana. Ki yi haƙuri. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma duk danginmu ba ni da wata lauya sai ke. Wayata na kashe ta na jefa ƙasan akwati, don yanzu ko ƙarar wayar wani na ji sai gabana ya faɗi. Ga shi ɗakina jikin sashen Baba Sabo yake, yayan marigayi, ko tari na yi sai an ji. Shi ya sa na ba direban da ke ɗaukar kayan masarufi daga kasuwar Singa zuwa Maiduguri ya kawo miki.

Maganar Kamila ce. Kin san ta tana da giɓi, yanzu shekararta goma sha huɗu, tana wata makaranta a Sabon Gari. Ni da hannuna na saya mata waya saboda aikin gida da ake tura musu. Yarinyar nan Allah ya ba ta hannun zanen lalle, duk amaren layinmu ita ke yi musu. Sai ta shiga wani gurup na masu lalle a ɗaya daga cikin manhajojin nan. A can wata mai suna Nana Fatima ta liƙe mata, wai 'yar Kaduna ce mai shagon kwalliya, kullum yabo, kullum ƙanwata ƙanwata. Aka fara da turo hoton hannu, aka koma turo na ƙafa, aka koma cire ɗankwali mu ga kitso. Raudha, ba zan iya rubuta inda abin ya kai ba. Ashe babu wata Nana Fatima, namiji ne. Da ya samu abin da yake so sai ya juye, ya ce in ba ta ci gaba ba zai watsa wa 'yan makarantarsu da 'yan islamiyyarsu.

Ni ina zaune ban san wainar da ake toyawa ba. Na ga dai ta daina cin abinci, ta daina lalle, in na ce ta tafi makaranta ta ce ciwon ciki. Har faɗa na yi mata na ce lalaci ne. Sai wata safiya na tarar da ita a kicin ta durƙusa gaban murhu babu wuta, wayar na hannunta. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, mutumin yana faɗa mata kalar hijabin da ta sa ranar, ya san lokacin da take fita islamiyya. Ke nan yana ganinta.

Da ta gama kuka ta ɗago ta ce, "Umma, za a kama shi?" Na dafa kanta na ce in dai ina numfashi sai na ga an hukunta shi. Na faɗa ne kawai, ban san ta ina ake farawa ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Don Allah ki faɗa mini abin da doka ta tanadar wa irinmu, zuciyata ta karye.

Taki,
Fanta

Maiduguri

Ya Fanta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggo ta samu sauƙi har tana zuwa masallacin Juma'a da sandarta. Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa, na yi kuka a ofis gaban mutane. Na buga wayarki har na gaji. Tunda kin ce sai takarda, to ga takarda.

Ki fara gaya wa Kamila daga bakina cewa ba ta da laifi. Ba rarrashi nake yi ba, haka doka ta ɗauka. Yarinya ce, babba ya yaudare ta, laifin duk nasa ne.

Sai wayar Kamila. Ya Fanta, na san halinki da son tsafta, kada ki kuskura ki goge komai a cikinta. Kada kuma ki tura hotunan ga kowa, ko ni kada ki turo mini, don yaɗa su ma laifi ne. Ki kashe ta, ki naɗe a zane, ki ɓoye. Ita ce shaidarku. Kada a sake ba mutumin amsa, kada a ba shi komai in ya nema, irinsu ba sa ƙoshi.

Daga nan ki kai ƙara. Za ki iya zuwa wajen 'yan sanda ki nemi masu binciken laifukan intanet, ko hukumar da ke yaƙi da fataucin mutane, suna da ofis a Kano kuma suna karɓar irin wannan. Dokar laifukan intanet ta tarayya ta haramta yaudarar yaro ta waya da ajiye irin waɗannan hotuna, kuma akwai ɗauri a kai. Ga kuma dokar kare yara ta jiharku. Kada tunanin ɗaukar lauya ya hana ki barci, gwamnati ce ke gurfanar da mai irin wannan laifi. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata da ke raka uwa irinki kyauta, ki fara da su, za su riƙe miki hannu. In masu bincike sun kwafi abin da suke bukata, sai a kai rahoto ga kamfanin manhajar su rufe akawun ɗin, su sauke duk abin da ya ɗora. Daga baya kina da damar neman diyya daga gare shi a wata shari'ar daban. Za ki ji ana cewa a ƙasashen waje iyaye na maka kamfanonin kansu a kotu. Gaskiya ne, amma mu nan doguwar hanya ce, mu fara kama wanda ke kusa.

Na san abin da ke ranki, tonon silili. Alƙali na da ikon fitar da mutane in yarinya za ta ba da shaida, kuma ba a yarda a buga sunanta ba. Ke ma ta wajenki ki taimaka. Ki rufa wa yarinyar nan asiri, kada maganar ta zaga unguwa.

Ki rungume mini ita.

Ƙanwarki,
Raudha

Kwaciri

Raudha,

Salamu alaikum. Na gode Allah da Gwaggo ta ji sauƙi. Takardarki ta daɗe a hanya, motar ce ta lalace musu bayan Potiskum. Kafin ta iso abubuwa sun faru, bayan ta iso ma sun faru.

An gano shi. Akwai wata 'yar ajinsu Kamila, Chioma, ita ma tana gurup ɗin lallen. Ashe Nana Fatimar ta taɓa ta, amma ita tun ana fara maganar banza ta nuna wa uwarta. Uwar, Madam Felicia, tela ce a Sabon Gari, ba ta yi wata-wata ba ta kai ƙara, aka bi layin wayar. Raudha, Bahauddeen ne, ɗan Alhaji Hamzat na jikin gidanmu. Saurayi ne da gemunsa, ya gama jami'a. A gabana aka yi masa kaciya. An kama shi, an ba da belinsa, kuma wai kafin a zo ya riga ya salwantar da tasa wayar. Amma da ubansa ya matsa masa a gida, ya faɗi sunan Kamila.

Ki san waye Alhaji Hamzat a wajena. Shi ya wanke gawar Malam Gana. Matarsa Hajiya, tun ranar da na shiga takaba har na fita, kwanon abincinta bai taɓa fashin shigowa ɗakina ba.

Alhaji ya samu Baba Sabo, Baba Sabo ya kira ni. Na tafi da takardarki don in samu abin dogara, na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ɗora yatsa kan layin ƙarshe ya ce, "To ga shi lauyar taku ma ta ce a rufa asiri. Mu ma abin da muke faɗa ke nan." Na ce ai ta ce a kai ƙara. Ya ce, "Ƙara da rufin asiri suna haɗuwa ne, Fanta? Ranar da kika taka ofishin 'yan sanda, kafin ki dawo Fagge ta ɗauka." Na karɓi takardata na fito.

Washegari bayan la'asar suka shigo tsakar gida, Alhaji da liman da mai unguwa da Hajiya. Aka shimfiɗa tabarma. Alhaji yana magana hawaye na bin gemunsa. Liman ya jawo falalar yafiya. Duk wannan na daure, kaina na ƙasa, na ce a raina ba zan buɗe baki ba. Sai Hajiya ta taso. Matar da ta kusa haifata, ta zube a gabana ta kama ƙafafuna biyu, ta ce, "Fanta, don girman Allah, don darajar Annabi, ki yafe mana." Na ce Hajiya ki tashi. Ta ce ba za ta tashi ba. Kowa ya zuba mini ido. Ke kin san yadda aka rene mu, babba ya haɗa ka da Allah yana durƙushe, da wane baki za ka ce a'a? Na ji bakina ya ce na yafe.

Nan take liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Baba Sabo ya ce a kawo wayar a binne maganar gaba ɗaya. Na ce lauya ta ce kada a taɓa, ya ce an riga an shafa fatiha, shaidar me kuma ake nema. Ya sa guduma ya farfasa ta a gaban kowa, ya sa aka zuba a masai.

Da na koma ɗaki na tarar da Kamila tsaye bayan labule. Duk ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Umma, me kika yafe?" Na ce ki zauna in yi miki bayani, don ke na yi. Ta ce to, ta je ta kwanta ta juya wa ɗakin baya. Tun daga ranar komai na ce mata sai ta ce to. Ta daina kirana Umma, in tana son magana sai ta tsaya kusa har in waiwayo.

Ki gaya mini ban yi kuskure ba. Ai ke ma rufin asirin kika ce.

Fanta

Maiduguri

Ya Fanta,

Salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Haba Ya Fanta. Na cika takarda da kai ƙara, a ɗauki layi ɗaya a yi mini fassara? Asirin Kamila na ce a rufa, ban ce na Bahauddeen ba. Abin da kuka yi a tsakar gidan nan shi kuka lulluɓe, ita kuka bari a waje. Kuma na ga laifina da na rubuta shi yadda za a iya murɗa shi, da na sani da na ƙara layi biyu. Kin ce in gaya miki ba ki yi kuskure ba. Ba zan iya ba, kin yi.

Amma ki saurare ni, ƙofa ba ta rufe ba. Yafiyarki ba ta kashe shari'a. Irin wannan laifi ba bashin gishiri ba ne da za ki ce na bar miki, tsakaninsa da hukuma ne. Fatihar ma ki je ki tambayi kowane malami mai tsoron Allah, mutum yana yafe haƙƙin da ba nasa ba? Haƙƙin Kamila ne. Mutum nawa suka zauna a tabarmar nan, ko ɗaya bai ce a kira ta ba.

Fasa wayar babbar asara ce, kuma ki gaya wa Baba Sabo cikin ladabi cewa lalata shaida abu ne da kan iya jawo wa mutum tuhuma, kada ya ƙara sa hannu. Masu bincike na iya neman bayanan akawun ɗin daga kamfanin ta hanyar kotu, sai dai abin na ɗaukar lokaci kuma ba kullum ake dacewa ba. Ƙarar Madam Felicia na nan, amma tunda 'yarta ta tsere da wuri, abin da ke hannunsu bai kai nauyin na Kamila ba. Yanzu babbar shaidar da ta rage ita ce bakin Kamila, in ta yarda. Kada a tilasta mata. A tambaye ta, ko sau ɗaya a wannan maganar.

Ki je ki ga Madam Felicia, ki je wajen lauyoyin matan nan. Na ciza, bari in busa. Na san ba mugunta ta sa ki ba, kunya ce da alherin da aka yi miki, kuma ban san me zan yi ba da ƙafata aka kama. Ina tare da ke.

Raudha

Rijiyar Lemo

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, a gaida Gwaggo. Kin ji ni shiru. Fushi na yi da takardarki, na cusa ta ƙarƙashin katifa na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kina can kina Turanci. Har azumi ya zo ya wuce ban ɗauki biro ba.

Abin da ya sauko da ni, ranar sallah ne. Muna fitowa da Kamila za mu gidan Inna mahaifiyata, sai ga Bahauddeen a ƙofar gidansu cikin sabuwar shadda, yana raba wa yara goron sallah. Ya rusuna ya ce, "Umma, barka da sallah." Kuma na amsa, Raudha, bakina ya amsa kafin in yi tunani. Na waiwaya ban ga Kamila ba. A bayan ƙyauren zaure na same ta tana amai. Ashe duk watannin nan ta bayan layi take zagayawa zuwa makaranta, shi kuwa yana zaune a benci da abokansa.

Bayan sallah na shiga adaidaita na nufi Sabon Gari, na yi ta tambaya har na samu shagon Madam Felicia. Hausarta tar, a nan aka haife ta. Na zaci za ta wulaƙanta ni, sai ta kashe keke ta jawo mini kujera. Ta ce ita ma an zo mata, dattawan cocinsu ma sun ce ta bari, kada a ce ta tayar da fitina tsakanin unguwanni. Na ce to yaya kika yi? Ta ce, "Maman Kamila, na ce musu su je su tambayi Chioma, in ta ce a bari na bari. Babu wanda ya iya zuwa." Na zauna a shagon nan ina kuka cikin ƙyallaye.

Ita ta raka ni wajen lauyoyin. Sun karɓe ni da mutunci, sun maimaita duk abin da kika rubuta. Sun ce za a ɗauki bayanin Kamila a keɓe, mace ce za ta ɗauka, kuma ranar shaida babba ɗaya da ta amince da shi zai zauna kusa da ita.

Da Baba Sabo ya ji, ya ce matar da ta warware fatiha ba za ta kwana a gidan ubansa ba. Ban yi musu ba. Na kwashe kayanmu, muna nan ɗaki ɗaya a gidan Inna a Rijiyar Lemo. A layinmu na da, yanzu sunana butulu. Hajiya ta aiko a gaya mini ta gode da sakayya. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don har gobe ina jin nauyinta.

Na zaunar da Kamila na tambaye ta kamar yadda kika ce. Na ce za ki yi magana? Ta ce za ta yi. Na ce to ni zan raka ki, ni zan zauna kusa da ke, ƙafata ƙafarki. Sai ta ce in ba ta takarda da biro za ta rubuta miki. Tata na tafe tare da wannan.

Fanta

Rijiyar Lemo

Anti Raudha,

Assalamu alaikum. Ina yini, ya aiki, ya su Gwaggo. Ni ce Kamila. Ban tuna fuskarki sosai ba, amma Umma ta karanta mini inda kika ce ba ni da laifi. Na gode. Ke kika fara faɗa.

Zan yi magana a kotu. Ina jin tsoro amma zan yi. Chioma ta ce in na kasa kallon mutane in kalli ƙasa, ana ji a haka ma.

Lauyar ta ce ni zan zaɓi wanda zai zauna kusa da ni. Anti, ina so ke ce. Na san Maiduguri da nisa kuma kina da aiki, don Allah ki nemi hutu.

Ba wai ba na son Umma ba ne. Na ga ta bar gidanmu saboda ni, na ga ta rame, ina jin kukanta in ta zaci na yi barci. Ina so in ce mata ta daina amma maganar ba ta fitowa. Abin da nake tsoro shi ne Hajiya za ta zo kotun. In ta sake durƙusawa ta kama ƙafar Umma, ban san me Umma za ta ce ba. Ina ganin ita ma ba ta sani ba.

Ki zo don Allah.

'Yarki,
Kamila

Raudha, ni ce Fanta nake ƙarawa a ƙasa. Ita ta miƙo mini ta ce in karanta kafin in liƙe. Na karanta, na so in ce mata ba haka ba ne, na kasa rantsewa. Ki zo ki zauna kusa da 'yata. Ni zan jira ku a waje.